Daga Ayari Zuwa Motar Aiki: Tarihin Kiyaye Rayukan Masu Aiki a Daji

Duk wanda ya san Kano ya san cewa unguwanni da dama sun ɗauki sunayensu ne daga rijiya. A cikin birni akwai Rijiya Biyu da Rijiya Huɗu, a yamma akwai Rijiyar Zaki, a nan ƙaramar hukumar Fagge kuma ga tamu Rijiyar Lemo a bakin hanyar Katsina. Sunayen sun ajiye mana rijiyoyin, amma ba su ajiye mana sunan mutumin da ya ɗaura igiya a ƙugu ya shiga ramin ba. Haka al'amarin yake ga yawancin waɗanda suka yi aikin da muke cin moriyarsa a yau: masu gina rijiya, da leburorin reluwe, da masu haƙar kuza, da masu kafa turakun lantarki, da ma'aikatan safiyo. Aikinsu yana nesa da gari, nesa da asibiti, nesa da idon hukuma.

Abin da muke son dubawa a wannan maƙala shi ne, me ke tsare ran mutum idan aiki ya kai shi inda babu mai jin kiransa? Amsar da tarihinmu ya bayar ita ce, doka da kayan kariya suna da nasu amfani, amma abin da ya fi tsare rai shi ne tsarin da ke tsakanin mutanen da suka fita tare: wa ke gaba, wa ke baya, wa ke da ikon cewa a tsaya, kuma asarar wa ce idan wani bai dawo ba.

Ayari da shugabanninsa

Fagge ta daɗe tana matsayin masaukin baƙi a wajen ganuwar Kano, inda ayarin raƙuman Buzaye da fataken arewa kan sauke kaya. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya riƙa kiran kansa Abdulkarim, ya biyo ayarin gishiri ne daga ƙasar Azbin kafin ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851. Ta fuskar kudu maso yamma kuwa akwai hanyar Gwanja, wadda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka shahara da bi don sayo goro a kasuwar Salaga, a ƙasar Gana ta yanzu. Tafiya ce ta watanni, a ƙetare kogin Kwara, a ratsa ƙasar Bargu inda 'yan fashi suka yi suna. A 1826 wani Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton, ya gamu da irin wannan ayari na Hausawa a garin Kayama yana dawowa daga Gwanja, ya kuma ƙiyasta cewa mutanen cikinsa, maza da mata, sun haura 1,000, ga dabbobin kaya kusan yawan haka.

Mutum dubu a tsakiyar daji ba sa isa gida da sa'a kawai. Ayari yana da madugu, wanda shi ne uban tafiya, kuma maganarsa ita ce ta ƙarshe. Yana da jagaba, wanda ya san hanya, yake wucewa gaba don ya duba mashaya da maƙetara da inda za a yada zango. Yana da uban dawaki, mai tattara kuɗin fito da na garama daga hannun fatake, yana kuma shiga tsakaninsu da sarakunan garuruwan da ake ratsawa. Yana da malamin ayari, mai riƙe da lissafi da jan salla. Abin lura a nan shi ne, wurin madugu a tafiya yana can baya ne. Wanda ya gaji, da jakin da ya faɗi, da kayan da suka kwance, duk a gabansa suke. Ba ya isa zango sai kowa ya isa.

Akwai kuma ƙa'idoji da kowa ya sani. Ana tashi da sassafe, a sauka kafin rana ta yi tsanani ga mutane da dabbobi. Ba a sauka sai inda ruwa yake. Ana kwana wuri ɗaya da masu tsaro, kuma ba mai ware kansa ya yi gaba don yana sauri. Waɗannan abubuwa ba a takarda aka rubuta su ba. Yaro yana koyonsu ne tun yana kora jakin ubangidansa, har ya girma ya zama mai nasa kaya.

Kada mu ɗauka cewa zamanin ayari zamanin adalci ne tsantsa. A cikin masu ɗaukar kaya akwai bayi, kuma ayari da yawa sun hallaka a hannun mahara ko saboda ƙishirwa da cuta. Amma akwai wani ƙulli guda da ya riƙe tsarin. Madugu yana da dukiyarsa a cikin ayarin, yana shan ruwan da kowa ke sha, kuma fatake su ne ke zaɓar wanda za su bi. Madugun da ya zubar da mutane a hanya, baɗi ba zai sami mabiya ba. Wato lafiyar na ƙasa tana ɗaure da mutunci da arzikin na sama.

Zuwan reluwe da ɗiban gwamna

Sojojin Lugga sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Bayan shekara huɗu, a 1907, aka amince da shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro a bakin Kwara zuwa Kano, tsawon mil 356, a zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga jama'a a 1912. Daga nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa, aka yanka Sabon Gari wajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwar da jirgin ya kawo daga kudu, Fagge kuma ta ƙara cika. Duk wanda ke zaune a wannan yanki namu, to yana zaune ne a kan gadon wancan aiki.

To amma su wa suka sare dajin, suka ɗebi ƙasa a ka, suka jera ƙarafan? Talakawa ne na ƙasashen Nufe da Gwari da Zazzau da Kano, waɗanda aka riƙa ɗebowa ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai. Bature ya faɗi adadin da yake so, hakimi ya raba wa ƙauyuka, dagaci ya nuna wanda zai tafi. Ana biyan su lada da kuɗin Turawa, amma ba su da zaɓin ƙin zuwa. Mutane sun riƙa gudu daga garuruwansu, kuma a 1909 har bore ya tashi a Gusoro ta ƙasar Gwari, aka zubar da jini.

A nan ne ƙullin da muka ambata ya kwance. Leburan reluwe bai zaɓi helumansa ba, heluma bai zaɓi injiniya ba, injiniya kuwa ana auna shi ne da yawan mil ɗin da ya shimfiɗa. Idan lebura ya kwanta ciwo ko ya gudu, sai a aika wa hakimi ya kawo wani. Shugaban aiki ya bar bayan ayari ya koma tanti, daga baya kuma ya koma ofis.

Wannan tsari ya kai maƙura a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da yarjejeniyar hana aikin tilas tun 1930, amma ta bar ƙofa a buɗe don halin yaƙi. Da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai ta juyo kan tsaunukan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka ɗebi dubban manoma daga lardunan Arewa aka kai su filin kuza, abin da dattawanmu ke kira ɗiban gwamna. Mutumin da ya saba da zafin Sakkwato ko Katsina aka ajiye shi a sanyin tsauni, cikin bukkar da ba ta tare iska, ga ƙarancin abinci, ga aiki a cikin ruwa. Ciwon huhu da gudawa suka kashe mutane da yawa, musamman a wajen aikin madatsar ruwa ta Tenti. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin wannan a littafin da ya wallafa a 1981 a kan ma'aikatan kuza. Abin da ya kashe mutanen nan ba wani abu ne da ba a san maganinsa ba. Bargo ne, da hatsi, da ɗaki mai rufi. Jagaban ayari da bai taɓa shiga aji ba, ba zai sauke mutanensa a irin wannan zango ba.

Darasin bakin rijiya

Mu komo kan rijiya, domin a nan ne za mu ga yadda ilmin gargajiya da na zamani za su iya haɗuwa. Tsoffin magina rijiya suna da dokokinsu. Kafin mutum ya shiga tsohuwar rijiya don yasa, akan buɗe ta ta sha iska, a zura fitila mai wuta a igiya. In wutar ta mutu kafin ta kai ƙasa, ba mai shiga. Mai shiga yana ɗaura igiya a jikinsa, dabam da ta guga, kuma akwai wanda aikinsa kawai shi ne ya tsaya a baki yana magana da shi. In na ƙasa ya yi shiru, sai a jawo shi, ba a bi shi ba.

Kimiyya ta zo ta gaskata su. Ruɓaɓɓen ganye da wasu nau'o'in ƙasa suna fitar da iska mai nauyi wadda ke kwanciya a gindin rami ta kore iskar da muke shaƙa. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma inda wuta ba ta iya ci, numfashin mutum ma yana cikin haɗari. A ɓangaren hukuma kuwa, Ma'aikatar Binciken Ƙasa da Duwatsu, wadda aka kafa a 1919, ta shiga aikin gina rijiyoyi a lardunan Arewa, kuma a shekarun 1930 rijiyoyin da ake ɗaure bangonsu da siminti suka yaɗu a Sakkwato da Katsina da Kano da Barno. Amfanin simintin bai tsaya ga tsabtar ruwa ba. Yana hana bango ruftowa a kan mai haƙa, musamman a ƙasa mai rairayi. Mutanen da suka koyi wannan aiki sun ɗora shi ne a kan abin da suka gada, suka zama gwanaye.

Duk da haka, har yau 'yan kwana-kwana a Kano suna fitar da gawawwaki daga rijiyoyi da masai, kuma labarin kusan iri ɗaya ne: mutum ya shiga ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto, shi ma ya yi shiru, wani lokaci har na uku. Sabon haɗari kuma ya ƙaru, wato zura injin jan ruwa mai amfani da fetur cikin rami ko ajiye shi dab da baki, hayaƙinsa ya cika ramin. Ilmin bai ɓata ba, sarƙar koyar da shi ce ta tsinke. Da can yaro kan shekara da shekaru a bakin rijiya yana jan guga kafin maigidansa ya yarda ya sauka. Yanzu kuwa duk wanda yunwa ta koro, in an yi ciniki, sai ya tuɓe riga.

Doka a takarda, ma'aikaci a daji

Ba a rasa dokoki ba. An yi dokar masana'antu a 1955, aka sabunta ta a 1987. A 2010 aka kafa dokar biyan diyyar ma'aikata, wadda ta wajabta wa masu ɗaukar aiki su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashin da suke biya a asusun hukumar NSITF, don a biya wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya rasu a bakin aiki. Sai dai dokar masana'antu an tsara ta ne da tunanin gini mai ƙofa, irin na Bompai da Sharaɗa, inda mai duba aiki zai iya shiga ya ga inji. Mai kafa turke a dajin Falgore, ko mai haƙa rijiyar burtsatse a wani ƙauye na Gumel, babu mai dubawa da zai iske shi. Da yawansu ma 'yan aikin yini ne a hannun ƙaramin ɗan kwangila, sunansu ba ya cikin kowane littafi.

Turawa ma sun gano cewa doka kaɗai ba ta isa ba. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Canobil a ƙasar Yukren a 1986, masu binciken Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya suka fito da maganar da a Hausa za mu iya kira ɗabi'ar kiyaye haɗari. Abin nufi shi ne abin da ma'aikata ke yi a lokacin da ba mai kallonsu, da kuma abin da shugabanni ke nuna ya fi muhimmanci idan sauri da lafiya suka yi karo. Bayan shekara biyu, a 1988, gobara ta ci dandalin haƙar mai na Piper Alpha a tekun arewacin Birtaniya, mutum 167 suka mutu. Bincike ya nuna cewa masu aikin rana sun cire wani sashe na famfo don gyara, amma labarin bai isa ga masu aikin dare yadda ya kamata ba, suka tayar da famfon. Takardar izinin aiki tana nan an cike ta. Maganar baki da baki ce ba a yi ba.

A ƙasarmu kuwa misalan na kusa ne. A 2010 aka gano cewa gubar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Mahaƙan ba su san abin da suke kawowa gida a jikin rigunansu ba, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF da ta kai ɗauki ta gane cewa magani ba zai wadatar ba sai an koya wa mahaƙan sarrafa dutse nesa da gida da wanke jiki kafin komawa. A ranar 8 ga Fabrairu, 2013, 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafin shan inna 9 a nan Kano. A watan Yuli na 2017 aka yi wa ayarin masu binciken man fetur kwanton ɓauna a yankin Magumeri na jihar Barno, cikinsu har da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, aka kashe mutane da yawa, aka kama uku waɗanda ba a sako su ba sai a watan Fabrairu na 2018. Wato haɗarin hanya, wanda fataken Gwanja suka sani, ya dawo cikin lissafin mai aikin daji.

Abin da za a iya farfaɗowa

Idan muka tattara wannan tarihi, za mu ga abubuwa kaɗan ne ke maimaita kansu. Na farko, kowace tawagar aiki tana bukatar madugunta, mutum ɗaya da kowa ya san shi ke da alhakin dawo da mutane, wanda kuma yake tare da su a filin, ba a waya ba. Na biyu, tana bukatar jagaba. Kafin mota ta tashi, a san hanya, a san ruwa, a san asibiti mafi kusa da ko yana da maganin saran maciji, a gaida mai gari a ji ta bakinsa, domin shi ya san abin da ke cikin dajinsa. Na uku, a bar sunayen waɗanda suka fita da lokacin dawowarsu a hannun wani a gida, wanda zai tashi neman su in lokacin ya wuce. Na huɗu, wanda shi ne mafi wuya a al'adarmu ta girmama na gaba, a ba ƙaramin lebura ikon cewa a tsaya idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba, kuma kada a zaftare masa kuɗin yini saboda haka. Ranar da aka kori wanda ya ce igiya ta tsufa, ranar kowa ya koyi yin shiru. Na biyar, a riƙa ba da labarin haɗarin da aka tsallake. Dutsen da ya faɗo bai sami kowa ba yau, shi ne malamin da ya fi kowane arha.

Wani zai ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne ajali na hannun Allah. Amma addinin da ya koya mana haka shi ne ya koya mana ɗaure raƙumi kafin tawakkali, ya kuma umarci matafiya, ko su uku ne, su naɗa shugaba a tsakaninsu. Maigidan aikin da ya ƙi sayen sabuwar igiya, sa'an nan ya zo gidan makoki yana cewa haka Allah ya ƙaddara, ya jingina wa ƙaddara abin da rowarsa ta jawo.

Kira ga 'yan'uwa marubuta

Littattafanmu cike suke da alhazai da 'yan boko da masoya, amma da wuya ka buɗe ɗaya ka tarar da mai yasar rijiya ko leburan hanya a matsayin tauraro. Alhali kuwa muna da abin koyi. Alhaji Umaru Salaga, wanda aka haifa a Kano a 1858 ya rasu a Kete-Karachi a 1934, ɗan fatake ne da ya bi hanyar Gwanja, kuma rubuce-rubucen da ya bari a kan rayuwa da sana'o'in Hausawa suna cikin abin da masana ke dogara da shi har yau. Ya rubuta abin da mutanen zamaninsa suka ɗauka ba abin rubutawa ba ne.

A Fagge da Sabon Gari da Kurna da Rijiyar Lemo akwai tsoffin ma'aikatan reluwe, da direbobin manyan motoci, da waɗanda suka yi aikin madatsun ruwa irin su Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Kowannensu yana riƙe da ƙa'idojin da ya koya da jikinsa, da sunayen abokan da aka fita da su ba a dawo da su ba. Mu je mu zauna da su da alƙalami da rikoda tun suna raye. Mu tambaye su wa ya koya musu aiki, me aka hana su yi, wace rana ce suka tsallake rijiya da baya, kuma wa ya ja igiyar. Ɗalibanmu na sakandare, waɗanda da yawansu gobe su ne za su hau turke ko su shiga rami, sun fi saurin riƙe labari a kan jerin dokoki.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a wajen neman halaliyarsu, ya kuma dawo da na daji gida lafiya, amin.